Tutar Kunama

A Gurbana, in faɗa ya kaure a bakin rijiya tsakanin 'yar Unguwar Baka da wata mace, ba a jimawa sai ka ji an ce, "Ke rufe mana baki, jikar matsorata." Shi ke nan, sai ta ɗauki tulunta ta tafi. Zancen da kowa ya tashi ya tarar shi ne, wai ranar yaƙin Mashigi 'yan baka ne suka fara juya baya, suka bar sarki a fili, Markawa suka yi mana kaca-kaca. Maroƙan fada da kiɗa suke faɗinsa, har su ƙara da cewa tutar 'yan baka, wadda ake kira Kunama, ita ce ta fara shigowa ƙofar birni a guje.

To, a nan ni na tsaya. 'Yan baka dakaru ne, a ƙasa suke tafiya, da kwari a baya. Ta yaya mai gudu da ƙafa ya riga dawaki isowa ƙofar birni? Na tambaya a fada, aka ce in bar tone-tone, ga furfura a kaina. Sai na haye gulbi na je Marke, wurin jikokin waɗanda suka ci mu, domin su ba su da dalilin rufa wa wani ɗan Gurbana asiri. Na haɗa nasu da abin da tsofaffin Unguwar Baka ke faɗi a bayan ɗaki, ƙasa-ƙasa. Ga yadda aka yi.

A zamanin Sarki Ranau kowace runduna da tutarta, kuma ba don ado ba. In ƙura ta tashi a fagen fama ba ka gane fuskar ɗan'uwanka, tuta kake dubawa. Ta Kaura, shugaban mahaya, ja ce da gashin jimina a bisa, marar nauyi, don aikinsa ya kai hari ya dawo ya sake kaiwa. Ta Galadima kore ce da surar kada, shi ke tsaron guzuri da kaya a baya. Amma ta 'yan baka ba irin waɗannan ba ce. Baƙin saƙi ne mai kauri, dukawa suka yanko kunama a jar fata suka ɗinka a tsakiya, ƙarinta a ɗage. Kunama ba ta bin kowa, ba ta kuma gudun kowa, wanda ya taka ta shi ya jiyo. Duk inda mashi ko kibiya ta huda tutar, sai a yanko ƙyalle daga rigar wanda ya faɗi a gindinta a ranar, a ɗinke hudar da shi. Har ta kai ga mahon ya fi asalin saƙin yawa, wani fari, wani shuɗi, wani ya koɗe ba a gane launinsa, kuma kowane da sunan mai shi a bakin mutanen unguwa.

Sandarta kuwa itacen ƙirya ce, ta fi mutum biyu tsawo, da ƙarfe mai tsini a gindi kamar dagi. Ba a yawo da ita a yaƙi. Kafa ta ake yi, a buga da dutse har ƙarfen ya nutse, ba a kuma cire ta sai an gama. Saboda haka duk rundunar Gurbana, mahayi da dakare, ita suke waiwaya. Muddin Kunama na tsaye, tsakiya ba ta karye ba, wanda aka tarwatsa ya san inda zai komo.

Da kaka ta yi, wani ɗan leƙen asiri ya iso fada da hantsi, ƙafafunsa duk taɓo. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Sarkin Marke ya buga tambari. Ya tara na gabas da na tudu, sun doshi Mashigi. Ruwa ya ja baya, doki na iya ƙetarewa."

Sarki ya sa aka kira majalisa. Aka tsara wanda zai tsaya dama da wanda zai tsaya hagu, babu gardama. Har an fara gyara riguna za a tashi, sai Galadima Anaruwa ya yi gyaran murya. Shi kawu ne ga Ciroma Mantau, ɗan sarki mai jiran gado, wanda bai taɓa jin warin fagen fama ba.

Ya ce, "Zaki, Allah ya ja zamaninka, saura magana guda. Ciroma zai fita yaƙinsa na fari. Da wace tuta?"

Kaura Hankurau ya ce, "Da wadda kowa ya fara fita da ita mana, Galadima. Farin ƙyalle. Ya je ya yi abin da zai yi, in ya dawo majalisa ta ba shi alama daidai aikinsa. Ni ma gashin jiminar nan ba da shi aka haife ni ba."

Galadima ya yi murmushi. "Kaura kenan. Ɗan sarki ya fita da farin ƙyalle a sanda, Markawa su ce mun aiko musu da likkafaninsa tun daga gida? Ai wanda zai gaji Gurbana, tutar da ta fi kowacce suna ita ta dace da shi. Ga Kunama can a zauren manoma, hayaƙi na cinta."

Sarkin Baka Cindo yana zaune can kusa da ƙofa, inda matsayinsa ya ajiye shi. Tsoho ne gajere, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu saboda jan baka. Ya matso a durƙushe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini izini. Galadima ya ce manoma, gaskiya ya faɗa, manoma ne mu. Da damina muna gona, in an buga tambari mu ajiye fartanya mu ɗauki kwari. Amma abin da yake kira tuta, mu rigunan iyayenmu muke gani. Akwai na ubana a kusurwar dama. Akwai na ƙanena a ƙarƙashin ƙarin kunamar, ni na yanko shi da hannuna. In Ciroma na son suna, ya zo ya tsaya tare da mu a gindinta, wallahi mu sa shi a tsakiya, kibiya ba ta isa gare shi sai ta bi ta kanmu. Amma a ɗauke ta a ba wanda ko maho ɗaya ba nasa ba ne?"

Ciroma ya zabura. "Kai tsoho, ni za ka ce in sauka daga doki in tsuguna cikin taɓo da masu warin dafi?"

"Warin dafin nan, ranka ya daɗe, shi ya sa kakanka ya mutu a kan gadonsa."

Fadawa suka yi caa, ana "Hattara dai, Sarkin Baka!" Galadima ya ɗaga hannu, ya ce cikin sanyin murya, "Zaki, tambaya ɗaya zan yi. Akwai abin da ke cikin ganuwar Gurbana wanda ba na sarki ba ne?"

Kun ji irin tambayar da ake ɗaure sarki da ita. Ranau ba azzalumi ba ne, haka ko Markawa suka ce, amma mutum ne da ba ya iya cewa a'a a gaban ɗansa. Ya dubi ƙasa, ya dubi Kaura. Kaura ya ce, "Zaki, ba zancen ta wa ce ba ne. Runduna ta saba da ganinta a wuri guda. In aka..." Sarki ya katse shi, ya ce aro ne, na yaƙi ɗaya, in an dawo a mayar.

Washegari aka kawo Kunama ƙofar fada, mutum huɗu na ɗauke da ita. Ciroma ya dube ta tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Wannan bishiyar wa zai riƙe mini ita a kan doki? A rage ta."

Cindo ya faɗi a gaban dokinsa. "Ranka ya daɗe, ka karɓa, na haƙura. Amma kada a yanke gindin. Wannan ƙarfen shi ne tutar. In ta iya tafiya, ba Kunama ba ce."

Ciroma ya ce, "Ji tsoho da tatsuniya. Ƙyallen ne mutane ke gani ko ƙarfen da ke cikin ƙasa?"

Aka kira masassaƙi ya sare sandar, aka ɗaura wa saman tuntu na alharini don ta yi kyau. Guntun da ya rage, mai ƙarfen, aka bar shi yashe a ƙasa. Cindo ya sunkuya ya ɗauka, ya saɓa a kafaɗa, ya wuce. An aika masa da sabon farin ƙyalle daga fada, ya ce a mayar, shi ba sabon shiga ba ne.

A ranar fita ƙudan zuma suka tashi daga tsamiyar ƙofar gabas, suka watse. Bokan fada ya ce alama ce Markawa za su watse. Bayan an sha kashi, shi ɗin dai ya ce ai tun a ranar ya ga Gurbana ce za ta watse, tsoro ya hana shi faɗi. Ni abin da na ji, masu cin zuma ne suka yi musu hayaƙi.

Aka isa Mashigi. Wuri ne da gulbi ya yi faɗi, ruwa iya ƙirjin doki, gaɓa biyu kuwa masu tsawo, ba inda runduna mai yawa za ta hau sai wata hanya ɗaya da shanu suka fafe. A bakin wannan hanya Cindo ya kafa guntun sandarsa, ya buga da dutse har ƙarfen ya ɓace, babu komai a samanta. Mutanensa suka tsuguna kewaye da ita, suka zazzage kibau a gabansu. Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, yau kuma turken jaki za mu tsare?" Cindo ya ce, "Jakin ya tafi da ɗan sarki. Ja bakanka." Aka yi dariya, ta ƙarshe ga da yawansu.

Kaura ya tsaya a dama. Aka ajiye Ciroma a kan wani tudu a bayan Kaura, inda duk runduna ke hangen Kunama tana kaɗawa, tuntun alharini na walƙiya. Dakarun ƙauyuka masu mashi da garkuwa, waɗanda ba su san abin da aka yi a fada ba, suka gan ta can, suka ce to, yau a nan 'yan baka suka kafa.

Markawa suka faɗo ruwa da kururuwa. 'Yan baka suka bari sai da dawakin suka kai tsakiya, sannan suka saki. Jikokin Markawa sun ce mini kakanninsu ba su ga masu harbin ba, sai dai doki ya yi haniniya ya kife, mahayi ya tashi yana laluben wuyansa. Suka koma, suka sake zuwa, suka sake komawa. Da Sarkin Marke ya ga haka, sai ya ware wasu mahaya kaɗan, suka bi gaɓa suka ƙetare ta sama, da iyo, don su tayar da ƙura a gefe. Ba su da yawan da za su ci kowa. Kaura ma ya hango su, ya juya zai share su.

Amma ta gefen tudun Ciroma suka ɓullo. Mashi guda ya zo ya sami zagin da ke riƙe da linzaminsa, jini ya fantsamar masa a riga. Ciroma ya fizgi linzami, ya juya kan doki yamma, ya sake shi. Mai riƙe masa tuta ya bi ubangidansa, don aikinsa kenan.

Jama'a, tun da aka kafa Gurbana ba wanda ya taɓa ganin Kunama ta motsa ana cikin yaƙi. Kakan wani bai gani ba, balle ya ba da labari. Sai ga ta tana gudu. Wani ya yi ihu, "Kunama ta tashi! An karya tsakiya!" Ihun ya bi sahu kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Masu garkuwa suka zubar, masu mashi suka zubar. Mutanen Galadima, da ke baya ba abin da ya taɓa su, su suka fi kowa sauri. Kaura ya ratsa sahu a sukwane yana cewa, "Ku tsaya, 'yan baka na nan! Ku dubi mashigi!" Suka duba, ba su ga tuta a mashigi ba, suka ƙara mai. Dogarai suka kama linzamin sarki suka fitar da shi, yana zaginsu.

Aka bar Cindo da mutanensa. Sun ga abin da ya faru sarai. Wani ya ce, "Baba, kowa ya tafi." Cindo ya ce, "An gama yaƙin?" Ya ce a'a. Ya ce, "To wa ya ce a cire?"

Har yau a Marke ba sa cewa yaƙin Mashigi, cewa suke ranar masu turke. Sun ce mutanen nan sun tare hanyar har rana ta karkata. Da kibansu suka ƙare suka riƙa zaro na Markawa daga jikin gawa suna mayarwa, da waɗannan suka ƙare suka koma wuƙa da dutse. Kafin babbar rundunar Marke ta hau gaɓa, masu gudu sun shige birni an rufe ƙofofi, dawakin Markawa kuma sun gaji. Sarkin Marke ya zo ya tsaya a kan guntun sandar, ya tambayi sunan rundunar, ba wanda ya sani, tun da ba alama. Ya hana a tuɓe gawarwakinsu. 'Yan kaɗan da suka rage da rai ya ce a buɗe musu hanya, suka ɗauki Cindo, da sara a cinya, suka tafi da shi.

Kafin su iso, birni ya riga ya cika da kuka, kuma zance ya riga ya zauna. Matan da ke kan ganuwa sun ga Kunama ta shigo tun hantsi, cikin ƙura, ba su ga fuskar mai ɗauke da ita ba. Zawarawa suka taru a ƙofar fada suna neman a yi musu hukunci. Al'adar Gurbana kuwa a fili take: tutar da ta gudu ƙona ta ake yi a ƙofar birni, a tuɓe rawanin mai ita, rundunarsa ta zauna ba alama har abada.

Aka zauna majalisa. Ciroma na gefen ubansa, ya sake riga. Aka shigo da Cindo a kan asabari, aka ajiye shi a wurinsa na kusa da ƙofa.

Galadima ya ce, "Zaki, Allah ya huci zuciyarka. Mutane sun ga abu da idonsu, ba mu muka faɗa musu ba. Kunama ta gudu. In muka fita muka ce ba masu ita ba ne, za su ce to wa? Marke na bakin gulbi, sarki ya manyanta, magaji ɗaya gare mu. A zaɓa, ko ƙyalle ya ƙone ko gari."

Cindo ya yunƙura ya dogara da gwiwar hannu. "Ranka ya daɗe, a tambayi Kaura. Yana wurin. Na ji muryarsa yana kiran sunanmu."

Sarki bai ɗago ba, ya ce, "Kaura?"

Kaura Hankurau, wanda bai taɓa juya wa mashi baya ba, ya dubi Ciroma, ya dubi Galadima, ya dubi tsohon da ke kwance. Ya ce, "Zaki, ƙura ta yi yawa. Ban ga wanda ke riƙe da ita ba."

Cindo ya dube shi. Sannan ya ce, "Allah ya ƙara wa Kaura gani." Ya juya ga sarki. "Zaki, na gane. Rawanin nan ku karɓa, dama zafi yake mini. Ku ce na gudu, ga ƙafar da na gudu da ita. Abu ɗaya nake roƙo, da girman ubanka da mutanen nan suka mutu dominsa. A ba ni tutar in warware mahon, in mayar wa kowane gida nasa. Su ba su je Mashigi ba. Ku ƙona saƙin da fatar."

Tsofaffi sun ce idon sarki ya kawo ruwa, har ya buɗe baki. Galadima ya riga shi. "In aka ga muna tsince wani abu daga cikinta, Zaki, za a tambayi dalili. Tutar matsorata ba a yi mata tankaɗe."

Sarki ya rufe bakinsa, ya ɗaga hannu, ya tashi ya shige gida.

Da la'asar aka tara itace a ƙofar gabas. Sankira ya yi shela cewa 'yan baka sun ci amanar Gurbana. An cire tuntun alharinin tukuna, an mayar fada. Aka jefa Kunama a wuta da duk mahonta, zawarawa na jifan matan Unguwar Baka da ƙasa, alhali su ma matan nan ranar suka zama zawarawa. Aka warware rawanin Cindo a gaban jama'a, yana kwance a kan asabarinsa. Bai kai damina ba. Shekara na zagayowa majalisa ta ba Ciroma Mantau sabuwar tuta, ja da surar zaki, kuma da ita ya hau gadon ubansa.

Tutar da ta shigo birni da hantsi ranar yaƙin Mashigi, a kan doki ta shigo, a bayan Ciroma Mantau. 'Yan baka ba su bar bakin gulbi ba sai da rana ta karkata. Mafi yawansu can suke, Markawa ne suka binne su.